An ce fararen ƙwayoyin jinina sun yi ƙasa, Likita me ke nan?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce, shekaruna 36, 'ya'yana huɗu, ina zaune a Tudun Wada nan Kaduna. Mako uku da suka wuce na yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Na aika kemis aka haɗo mini maganin maleriya da na taifot, a ciki har da Septrin. Bayan kwana biyar zazzaɓin ya sauka, amma kasala ta ƙi sakina, shi ne maigidan ya ce in je a auna jinina. Da sakamako ya fito sai na ga an sa alamar L a gaban WBC, an rubuta 3.2, alhali a gefe an nuna daga 4.0 zuwa 11.0 ne daidai. Wanda ya miƙo mini takardar ya ce sojojin jikina ne suka yi ƙasa. Sauran abin da ke jiki shi ne NEUT 45%, LYM 46%, PCV 37, PLT 230. Wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba, don wata ta ce mini haka ƙanjamau ke farawa, wata kuma ta ce sankarar jini. Yayata ta kawo mini maganin ƙarin jini kwalba biyu, ta ce in dage da zogale da zoɓo. Don Allah mene ne wannan ciwo, waɗanne alamomi zan lura da su, kuma me zan ci su ƙaru?

Amsa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Bari in fara da abin da ya hana ki barci. Lambobin nan da kika aiko, a yadda suke, ba su yi kama da na mai sankarar jini ba, kuma babu likitan da zai dube su ya ce ƙanjamau ne. Ban gan ki ba, ban duba idonki ko na taɓa cikinki ba, saboda haka ba zan yanke hukunci daga nesa ba. Amma irin takardarki ina ganinta kusan kowace ranar asibiti, kuma mafi yawan masu ita lafiyarsu ƙalau. Na ji daɗi da kika rubuto duka lambobin, domin da WBC kaɗai kika aiko da ba ni da abin faɗa sosai.

Jini kala uku ne na ƙwayoyi ke yawo a cikinsa, dukkansu kuma a ɓargon ƙashi ake ƙera su. Akwai jajaye masu ɗaukar iska zuwa sassan jiki, su ne ake aunawa da PCV, kuma su ne mutane ke nufi idan suka ce jinin wance ya yi ƙasa. Akwai 'yan ƙanana masu toshe rauni su tsayar da zubar jini, su ne PLT a takardarki. Sai farare, wato WBC, waɗanda ake kira sojojin jiki. Sunan ya dace da su, sai dai ba runduna ɗaya ba ce, biyar ce, kowace da aikinta. Biyu ne suka fi damunmu a nan. Nutrofil, wato NEUT a takardarki, su ne 'yan gaba-dai-gaba-dai, da zarar ƙwayar bakteriya ta shiga ta rauni ko ta huhu ko ta hanji su ne ke fara isa wurin su haɗiye ta. Ruwan mugunyar da kike gani a maruru galibinsa gawarwakinsu ne. Ba su da tsawon rai, sa'o'i kawai suke yi a cikin jini, shi ya sa ɓargo ke ƙera kimanin biliyan 100 daga cikinsu a kullum. Limfosayit kuwa, wato LYM, su ne masu riƙe tarihin abokin gaba, su ke yaƙi da ƙwayoyin bairos, su ne kuma allurar rigakafi ke horarwa.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa mutane ba. Gwajin nan ba ya ƙirga duk sojojin da ke jikinki, waɗanda ke kan hanya a daidai lokacin da allura ta shiga jijiya kaɗai yake kamawa. Kusan rabin nutrofil da ke cikin jijiyoyi a manne suke da bango, ba sa bin gudun jini, wasu suna cikin saifa, ga kuma babban rumbu a ɓargo yana jiran kira. Kamar mutum ne ya tsaya a titin Ahmadu Bello da asuba ya ƙirga motoci, sannan ya ce motoci sun ƙare a Kaduna. Da zai dawo ƙarfe huɗu na yamma da lissafinsa ya canza. Haka jinin mutum ɗaya kan ba da lamba ƙasa da safe, ya ba da sama da yamma, ko bayan ya yi sauri ya hau bene, ko ya ci abinci, ko hankalinsa ya tashi. Mai juna biyu ma nata kan hau.

Yanzu ɗauko takardarki mu yi lissafi tare. Wannan 3.2 ɗin yana nufin ƙwayoyi 3,200 a cikin ɗan mitsitsin ɗigon jini da ake kira maikrolita. A cikinsu kashi 45 cikin ɗari ne nutrofil. Idan kika ɗauki kashi 45 cikin ɗari na 3,200 za ki samu 1,440. Wannan ita ce lambar da idona ke fara nema, ba jimillar ba. A littattafan likitanci, daga 1,500 zuwa sama shi ne daidai. Tsakanin 1,000 da 1,500 ana kiransa ƙaramin ragi, kuma da wuya ya jawo wa mutum wata cuta. Tsakanin 500 da 1,000 matsakaici ne, yana son sa ido. Ƙasa da 500 shi ne wanda ke tayar wa likita hankali, domin a nan ne ƙwayoyin cutar da ke zaune lafiya a bakin mutum da hanjinsa da fatarsa kan samu ƙofa su shiga jini. Ke kina 1,440, wato kina bakin layin farko. Limfosayit ɗinki kuwa, kashi 46 na 3,200, sun kai wajen 1,470, kuma wannan daidai ne ga baligi. PCV 37 daidai ne ga mace. PLT 230 ma daidai. Ashe masana'antar da ke ɓargonki tana aiki, tunda layi biyu cikin uku ba abin da ya taɓa su, na ukun kuma ɗan gocewa ya yi.

Kuma ma wannan gocewar, da ma'aunin wa aka auna ta? Nan ne nake son ki ba ni hankalinki, don shi ne abin da ya fi ci mini rai a wannan magana. Wannan 4.0 zuwa 11.0 da ake bugawa a gefen takarda, asalinsa daga auna jinin Turawa aka samo shi, kuma da shi injinan gwajin ke zuwa mana. Mu kuwa jininmu yana da wani bambanci na halitta. A jikin jajayen ƙwayoyin jinin yawancin mutanen duniya akwai wata alama da ake kira Duffy, wadda aka gano a 1950. Wani nau'in ƙwayar maleriya mai suna bibaks ta wannan alamar yake bi ya shiga ƙwayar jini. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da ita a jajayen ƙwayoyinsu, shi ya sa wannan nau'in maleriyar bai yi ƙarfi a wajenmu ba kamar yadda ya yi a Indiya. A wajejen 2008 da 2009 masu bincike suka tabbatar cewa wannan gadon shi ne kuma ke sa adadin nutrofil da ke yawo a jinin baƙar fata ya fi na Bature ƙasa. Ba ƙarancin sojoji ba ne, wurin zamansu ne ya bambanta. Idan cuta ta shigo suna fitowa su yi aikinsu, kuma masu wannan halitta ba su fi kowa kamuwa da cututtuka ba. Don haka lafiyayyen Bahaushe ko Bagwari ko Bajju zai iya rayuwa shekara saba'in da WBC 3.0 ko 3.5, nutrofil 1,200 ko 1,300, inji kuma kullum yana buga masa L. Na ga waɗanda aka jinkirta musu ɗaukar aiki, da waɗanda aka yi ta ɗura wa magani wata da watanni, a kan abin da Allah ya halicce su da shi. Abin yana ba ni takaici ƙwarai.

Sai dai ba na ce wa mutum halittarka ce sai na bincika. Alamar cewa ta halitta ce ita ce a ga lambar tana nan a wuri ɗaya duk lokacin da aka auna, yawanci ba ta sauka ƙasa da 1,000 ba, jajayen ƙwayoyi da masu tsayar da jini suna daidai, mutum kuma ba mai yawan kwanciya ciwo ba ne. Kin haihu sau huɗu, ina kyautata zaton an taɓa auna jininki a wajen awon ciki ko wata rashin lafiya. Idan akwai tsohuwar takarda a cikin kayanki, nemo ta, tana iya fin sabon gwaji amfani, ko da yake ta lokacin ciki kan nuna lamba sama da yadda take a sauran lokuta.

A labarinki akwai abubuwa biyu da suka isa su sauke lambar ko da ba halitta. Na farko zazzaɓin da kika yi. Mutane sun ɗauka duk cuta ɗaga fararen ƙwayoyi take yi, alhali da yawa sauke su suke yi. Mura mai zafi, ƙyanda, ciwon hanta, zazzaɓin dengi, duk sukan sauke su na kwanaki ko 'yan makonni. Maleriya kanta tana yi, musamman da damina, lokacin da kowane gida ke da mai kwance. Taifot na gaske an san shi da wannan tun da daɗewa. Na ce na gaske, domin yawancin abin da ake kira taifot a garin nan gwajin Widal ne kawai ya nuna wata lamba, shi kuwa Widal a ƙasar da kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ba abin dogaro ba ne, shuka jini a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro shi ne ke tabbatarwa. Da rani kuma, idan zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, ga ciwon maƙogwaro, ga fararen ƙwayoyi a ƙasa, mukan tuna da zazzaɓin Lassa. Tarin fuka idan ya bazu a jiki shi ma yana yi. A yawancin waɗannan, da cutar ta wuce ɓargo ke cike gurbi da kansa.

Na biyu shi ne magani, kuma a nan zan ɗan daɗe, don shi ne sanadin da ya fi sauƙin kaucewa kuma aka fi sakaci da shi. Septrin da kika sha yana cikin magungunan da aka sani suna danne ɓargo a wasu mutane, haka danginsa masu sinadarin salfa irin su Fansidar. Akwai kuloramfenikol, kafson nan da aka daɗe ana ba mutane da sunan maganin taifot. Ba kasafai yake yi ba, amma idan ya yi, yana iya kashe ɓargo gaba ɗaya, wani lokaci makonni ko watanni bayan an gama shan sa. Akwai allurar Novalgin ko Analgin da ake yi wa mai zazzaɓi, wadda hukumar NAFDAC ta haramta tun shekarun baya amma har yanzu ba ta ɓace daga wasu shaguna ba. Akwai kabamazafin na masu farfaɗiya, da kulozafin na masu taɓin hankali, da zidobudin cikin tsofaffin magungunan ƙanjamau. Akwai metotireset na masu ciwon gaɓoɓi, wanda sau ɗaya a mako ake sha, idan aka yi kuskure aka sha kullum sai ya share ɓargo. Sai kabimazol da ake ba masu maƙoƙon da ke sa rama da bugun zuciya. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da ta yi wata biyu tana shan sa, maƙogwaronta ya kama ciwo da zazzaɓi, ta ɗauka sanyi ne, ta yi kwana huɗu tana shan citta da lemun tsami. Da aka auna, nutrofil ɗinta ba su kai 200 ba. Allah ya yi da sauran kwananta, amma ta yi fiye da mako a kwance ana ba ta magani ta jijiya. Da an gaya mata tun ranar farko cewa ciwon maƙogwaro ko gyambon baki a kan wannan magani yana nufin a dakata da sha a je a auna jini a ranar, da ba ta kai haka ba. Wannan hakki ne a kanmu masu rubuta magani.

Jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen gargajiya ma a faɗa wa likita, ba don raini ba, sai don wasu masu haɗawa suna zuba maganin Bature a ciki ba tare da mai sha ya sani ba. Sannan akwai fetur. A cikinsa akwai sinadarin benzin mai lalata ɓargo a hankali. 'Yan bumburutu masu zuƙo mai da tiyo a baki, da makanikai masu wanke hannu da fetur safe da yamma, da masu fenti, idan nasu ya sauka ba na ɗaukar sa da wasa.

Wani lokaci ɓargo yana ƙerawa daidai, saifa ce ke tsare su. Idan ta kumbura, saboda maleriyar shekara da shekaru, ko tsargiyar hanji ga waɗanda suka tashi suna wanka a rafi da dam, ko hanta da ta ƙanƙance saboda ciwon hanta nau'in B, sai ta riƙa tara ƙwayoyin jini a cikinta. A nan yawanci har PLT ke sauka tare. Ƙarancin bitamin B12 ko folik asid ma yana sauke su, amma shi da ƙarancin jini yake tafiya, kuma mukan gan shi a tsofaffi, da masu shan giya, da waɗanda suka daɗe a kan metfomin na ciwon suga. Sai cutar lupus, wadda ta fi kama mata masu shekarunki, inda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. Ita kan zo da ciwon gaɓoɓi da ba ya jin magani, zubewar gashi, gyambon baki, da ƙuraje ko duhu a kumatu.

Maganar ƙanjamau kuwa, gaskiya ne yana rage wani nau'in limfosayit da ake kira CD4, kuma yana iya sauke jimillar. Amma wannan gwajin da kika yi ba ya tabbatar da shi kuma ba ya kore shi. Akwai masu ɗauke da ƙwayar da WBC ɗinsu ke daidai, akwai dubbai masu 3.2 da ba su da ita. Gwajinsa daban ne, ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti ashirin an gama, kuma a asibitocin gwamnati kyauta ake yi. Ina ba duk wanda fararen ƙwayoyinsa suka sauka shawarar ya yi, tare da na ciwon hanta, ba don ina zargin kowa ba. Ki yi don zuciyarki ta huta. Wanda kuma aka samu yana da ƙwayar ƙanjamau, maganin yau ƙwaya ɗaya ce a rana, mutum ya ci gaba da harkokinsa har ya haifi 'ya'ya lafiyayyu.

Sankarar jini ba ta cika zuwa a ɓoye haka ba. Miyagun ƙwayoyi ne ke cika ɓargo su hana sauran fita, don haka da wuya ta taɓa layi ɗaya ta bar biyu. Za a ga jini ya yi ƙasa, mutum ya ɗashe, yana haki daga ɗan motsi. Masu tsayar da jini su sauka, sai haɓo, dasashi na jini, jinin al'ada ya ƙi tsayawa, tabo baƙi-baƙi a fata ba tare da an buge ba. Ga ciwon ƙashi, kaluluwa a wuya ko hammata ko matsematsi da ba ta sauka, zufa cikin dare har ta jiƙa zane, da rama. WBC ɗin ma sau da yawa hawa yake yi sosai, ba sauka ba. Ke ba ki ambaci ko ɗaya ba, PCV da PLT ɗinki kuma suna ba da shaida mai kyau.

Kin tambayi alamomi. Amsar da za ta ba ki mamaki ita ce ƙarancin fararen ƙwayoyi shi kansa ba ya ciwo, ba ya sa jiri, ba ya sa kasala. Kasalar da kike ji ta fi kama da sauran gajiyar zazzaɓi, wadda kan ɗauki makonni, ga rashin barcin da fargaba ta ƙara miki, ga hidimar yara huɗu. Abin da ake gani shi ne sakamakon rashin masu gadi, wato cututtuka su riƙa shigowa a kai a kai, ko su yi tsanani fiye da kima, ko su ƙi warkewa. Baki ne ke fara faɗa: gyambo a harshe ko cikin kumatu mai dawowa, dasashi ya kumbura, farin abu kamar dusar madara a harshe, maƙogwaro ya yi ciwo har haɗiya ta gagara. Sai maruru da ke fita wannan na warkewa wancan na tasowa, ƙaramin yanka ya yi mako biyu bai rufe ba, tari da ciwon ƙirji da ke komowa, zafin fitsari, da ciwo a dubura wanda mutane kan ɗauka basir ne su yi ta tura magani. Wani abin lura shi ne, wanda nutrofil ɗinsa suka ƙare ƙwarai ba ya iya tara mugunya, wurin ba zai kumbura ya yi ja sosai ba. Cuta na iya cin sa a ciki alhali a waje ba a ganin komai sai zazzaɓi.

Shi ya sa doka ɗaya ce ba ta da sassauci. Duk wanda aka san nutrofil ɗinsa suna ƙasa da 500, ko yake karɓar maganin sankara ta jijiya, idan zafin jikinsa ya kai 38 a ma'auni, ko ya kama rawar ɗari, asibiti zai nufa a wannan sa'ar, ko ƙarfe biyun dare ne. Kada a ba shi farasitamol a ce a ga wayewar gari, kada a tsaya kemis a ce maleriya ce. Ƙa'idar aikinmu ita ce a fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a ɗaya da isowarsa, domin irin wannan zazzaɓin kan kai mutum ga halaka cikin yini guda. Masu karɓar maganin sankara su sani cewa tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan kowane zagaye ne ƙwayoyin ke kai wa ƙarshen saukarsu. A kwanakin nan a ajiye ma'aunin zafi a gida, a rage shiga taron biki da suna, masu zuwa dubiya da mura su yi haƙuri su gaisa daga ƙofa. A tafasa ruwan sha, a bar nonon da ba a dafa ba da ɗanyen ƙwai da kwaɗon ganyen da ba a san wankinsa ba, nama ya dahu sosai. Ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya, ba cire haƙori sai da sanin likita. Akwai allurar filgirastim da ke zaburar da ɓargo, amma ta irin waɗannan ce, likitan jini ko na sankara ke rubuta ta. Ke duk wannan bai shafe ki ba a lambar da kike, na kawo shi ne don masu karatu da ke jinyar wani a gida.

Mu dawo kan kwalaben da yayarki ta kawo, Allah ya saka mata da alheri. Maganin ƙarin jini sinadarin ƙarfe ne a ciki da 'yan bitamin, aikinsa gina jajayen ƙwayoyi, naki kuma ba su ragu ba. Ba ya ƙara farare. Haka zoɓo, haka maltina da madara, haka ruwan ganyen ugu. Zogale abinci ne mai kyau, ki ci abinki, amma babu wani abinci ko kafso mai sunan ƙarfafa garkuwa da aka tabbatar yana ɗaga wannan lamba ga wanda ba ya da ƙarancin wani sinadari. Abin da ɓargo ke so shi ne abincin gida mai gina jiki: wake, ƙwai, kifi, hanta, nama gwargwadon hali, dafaffen nono, alayyahu da sauran ganye ba tare da an dafe su sun mutu ba. Ina kuma gargaɗi da babbar murya a kan ƙwayoyin sa ƙiba irin su deksametazon da ake kira sha-ka-fashe. Su kam suna ɗaga WBC a takarda, domin suna kakkaɓo nutrofil daga bangon jijiya, amma a lokaci guda suna karya garkuwar jiki, su jawo suga da hawan jini. Takarda ta yi kyau, mai takarda ya lalace.

Ga abin da zan so ki yi. Ki daina duk wani maganin kemis da ba likita ya rubuta ba, idan da sauran Septrin ki ajiye shi. Wanda kuwa likita ne ya ɗora shi a kan magani na dogon lokaci, kamar na farfaɗiya ko na ƙanjamau, kada ya yanke da kansa, ya koma wurin wanda ya rubuta. Bayan mako biyu zuwa huɗu ki sake gwajin, zai fi kyau da rana ba da sassafe ba, kuma a ɗakin gwaji mai inganci, domin jinin da ya ɗan daskare a kwalba ko ya daɗe a ajiye cikin zafi yana ba da lambar ƙarya. Ki roƙi a haɗa da shimfiɗa jinin a gilashi a duba shi da madubin likita, don ido yana ganin siffar ƙwayoyin da inji ba ya gani. A yi na maleriya, na ƙanjamau da na ciwon hanta a zama ɗaya. Ki sa likita ya duba bakinki, wuyanki, hammatarki, ya taɓa cikinki ya ji saifa da hanta.

Idan lambar ta hau, zazzaɓi da magani ne suka sauke ta, magana ta ƙare. Idan tana nan wajen 3.0 zuwa 3.5, nutrofil sama da 1,000, sauran gwaje-gwaje lafiya, ke ma lafiya, to mai yiwuwa haka jininki yake tun fil azal, sai ki adana takardun biyu ki riƙa nuna wa duk likitan da zai duba ki nan gaba. Idan kuwa nutrofil suka sauka ƙasa da 1,000, ko PCV ko PLT suka bi su, ko wata alama cikin waɗanda na lissafa ta ɓullo, ki nemi takardar turawa zuwa sashen likitocin jini, a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko nan cikin gari ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Su ne za su ga ko akwai buƙatar auna B12, hoton ciki, gwajin lupus, ko ɗibar ɓargo daga ƙashin ƙugu, wanda da allurar kashe zafi ake yi kuma a ranar ake komawa gida. Ranar da za ki je, ki zuba duk kwalaye da kwalaben magungunan da kika sha cikin wata uku da suka wuce a leda ɗaya, har da na gargajiya da na yayarki, ki tafi da su. Idan kuma zazzaɓi ya dawo kafin ranar sake gwajin, kada ki jira ranar, ki je a duba ki. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, a gaida maigida da yara.